Yaron da ya mutu a tseren Spa: ajali ne kawai, ko da sakaci a ciki?

Nazifi_Ringim: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da shan hidimar babbar sallah. Tun jiya Asabar, 1 ga Yuli 2023, raina a jagule yake. Yaron nan Dilano van 't Hoff, ɗan ƙasar Holan, mai shekara 18 kacal, ya rasa ransa a filin tseren motoci na Spa da ke Beljiyam. Ba a Formula 1, wato babban ajin tseren motoci na duniya, ba ne, a ƙaramin aji ne na Turai da ake kira Formula Regional, inda matasa ke goge hannu kafin su hau sama. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, motarsa ta ƙwace ta gitta a kan titi, na bayansa ya taho a guje bai gan shi ba saboda feshin ruwa, ya dake shi a gefe. Ko shekara 4 ba a cika ba da mutuwar Anthoine Hubert a wannan filin, kuma tsakanin wuraren biyu ba nisa. Shi Dilano fa a 2021 shi ya cinye gasar Formula 4 ta Sifen, wato ba ɗan koyo ba ne. To ina tambayar manya da masana: mu ce ajali mu yi shiru, ko akwai wanda ya kamata a titsiye?

Sale_Direba: Allah sarki. Ƙanena, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mutum nawa suka kwanta lafiya lau a kan katifa aka wayi gari babu su? Wanda ya zaɓi sana'ar gudu ya san abin da ya taka.

Malam_Habu_Taura: Alhaji Sale, ajali gaskiya ne, babu Musulmin da zai yi jayayya da shi. Amma ba a ɓoye sakaci a bayansa. Mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. A Suratul Baƙara aya ta 195 kuma an hana mu jefa kanmu cikin halaka. Da direbanka zai fita da mota babu birki ya kashe fasinja, kai kanka ba za ka ce masa "ajali ne" ka miƙa masa wani makullin ba.

Sale_Direba: Allah gafarta Malam, na karɓa. Amma waɗannan motocinsu sun fi nawa birki sau dubu, kuma ga shi an mutu.

Dan_Gujungu: Ni fa abin da ban gane ba, ba an ce sun sa wani ƙarfe a saman kan direba an gama da mutuwa ba? Ina amfaninsa ke nan? Kuɗi kawai suka ci.

Injiniya_Musbahu: Yayana Dan_Gujungu, ba haka ba ne. Ƙarfen da kake nufi sunansa halo, an tilasta shi a Formula 1 a 2018. Da ƙarfen titaniyom ake yin sa, nauyinsa wajen kilo 7 ne kawai, amma yana ɗaukar nauyin kusan tan 12. Aikinsa ɗaya ne: kare kai daga abin da zai faɗo ko ya taso ta sama, domin irin waɗannan motocin ba su da rufi, tayoyinsu kuma a waje suke tsirara. Ka duba abin da ya jawo shi. A 2009 taya ta ɓalle daga wata mota a filin Brands Hatch na Ingila ta daki Henry Surtees a ka, shi ma ɗan shekara 18, ya mutu. Kwana 6 bayan nan wani ƙaramin sifirin ya faɗo daga motar Barrichello a Hangari ya fasa wa Felipe Massa ƙoƙon kai ta cikin hular kwano, da ƙyar ya sha. A 2015 a Amurka, a filin Pocono, hancin wata mota da ta yi haɗari ya tashi sama ya sauka a kan Justin Wilson, washegari ya cika. Irin wannan mutuwar halo ya zo ya rage, kuma ya rage ta. Hamilton a Monza a 2021, motar Verstappen ta hau kansa, taya ta goge masa hular kwano, da ƙafarsa ya fito. Zhou ɗan Sin a Silverstone bara, motar ta kife tana jan ƙasa har ta tsallake shingen tayoyi, ya tsira.

Amma abin da ya kashe Dilano da Hubert daban ne. Mota ce a gicciye, wata ta zo ta soke ta a haƙarƙari. Gaba da baya akwai dogon jiki da aka ƙera don ya murƙushe ya shanye ƙarfin duka. A gefe kuwa tazarar da ke tsakanin direba da waje ba ta da yawa. Halo ba shi da ta cewa a nan.

Dan_Gujungu: To na ji. Ashe rufin ɗaki aka gyara aka bar bango.

Iliya_MaiGidanKallo: Ni dai ina ganin laifin ruwa ne. Shi ma Hubert ɗin ai cikin ruwa ya mutu. A hana tsere da damina kawai a huta.

Nazifi_Ringim: A'a Yaya Iliya, a nan ka ɗan kauce. Ranar 31 ga Agusta 2019 da Hubert ya mutu titi a bushe yake ƙayau. A tseren Formula 2 ne, zagaye na biyu. Ya kauce wa motocin da suka rage gudu a saman gangaren Raidillon, ya daki shinge, motar ta dawo, sai ta Juan Manuel Correa ta same shi. Shekararsa 22. Shi Correa ƙafafunsa suka ragargaje, ya sha tiyata iri iri, bai dawo tsere ba sai 2021. Shi ya sa nake cewa ba ruwa kaɗai ba ne, wurin ma da abin dubawa. Ana gangarowa kwanar Eau Rouge, a hau tudu mai tsini a guje, wanda ke ƙasa ba ya ganin abin da ke bayan tudun sai ya hau. Bayan mutuwar Hubert sun kashe maƙudan kuɗi sun faɗaɗa gefen titin, suka ja shinge baya, ga shi an sake a gaba kaɗan, a miƙaƙƙen titin Kemmel. Lance Stroll na Formula 1 ma jiya ya fito ya ce a sauya wurin.

Iliya_MaiGidanKallo: Na janye. Kai ne kullum kake zuwa da littafi gidan kallo.

Sale_Direba: Bari in ba ku labari, tunda Injiniya ya kawo maganar mota a gicciye. Shekara 22 ina jan mota tsakanin Gumel da Kano. Wata damina, wajen ƙarfe 8 na dare, ina bayan wata tirela ana sheƙa ruwa. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela cikin ruwa ya san abin da nake faɗa: ba ruwan sama ne ke makantar da kai ba, wanda tayoyinta ke watso maka ne. Waifa tana ta aiki amma kamar ana zuba maka koko a gilashi. Tirelar ta kauce hagu ba zato, sai ga wata ƙaramar mota ta mutu a tsakiyar hanya, ba fitila, ba ko ganye ɗaya da aka jera a baya. Wallahi ban taka birki ba sai da na wuce ta, hannuna ne kawai ya murɗa sitiyari, muka gangara gonar gero. Fasinja 9, ba wanda ya ƙwarzane. Ni a lokacin ban fi gudun 70 ba. Da na sauko ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, a cikin taɓo na zauna. Don haka yaron da ya daki Dilano, kada kowa ya zage shi. Abin da ba ka gani ba ba ka kauce masa.

Injiniya_Musbahu: Baba Sale, ka gama bayanin da nake ta neman yadda zan yi. Ku lissafa: mota mai gudun kilomita 250 a awa tana cinye kusan mita 70 a daƙiƙa ɗaya. Filin ƙwallo sukutum, daƙiƙa ɗaya da rabi. Kamfanin Pirelli da ke yi wa Formula 1 tayoyi ya ce tayar ruwa guda ɗaya tana iya kwashe lita 85 a daƙiƙa idan ana cikakken gudu. Jarka uku da ɗoriya ta masu kurar ruwa, kowace daƙiƙa, kowace taya. Kuma ruwan nan ba ɓacewa yake ba, sama yake tashi, ƙasan motar ma yana zuƙo wani ya fesa baya. Na gaba yana gani sarai, na goma kuwa ɗan jan wutar da ke ƙiftawa a bayan ta gabansa kawai yake bi, wani lokacin ita ma ba ya gani. A 2023 hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta yi maganar gwada wani murfi da za a riƙa ɗora wa tayoyin idan ana ruwa.

Hajiya_Rabi_Nas: Ni ba na kallon tseren nan, ɗana ne ya sa ni a zauren. Amma uwa ce ni, kuma shekara 18 ita ce shekarar autana da ya gama sakandare bana. Tun ɗazu uwar yaron nake tunani. An ce tun suna 'yan shekara 6 ko 7 ake sa su a ƙananan motoci, iyaye ne ke kashe kuɗin, su ne ke raka su. Wace irin zuciya ce za ta tsaya a gefen titi ɗanta yana wannan gudun? Allah ya ba ta haƙuri.

Abba_Kilisa: Hajiya, da girmamawa, mu ma fa haka muke. Shekaranjiya a hawan sallah na garinmu yaro ɗan shekara 12 aka ɗora a kan ingarma, aka saki linzami ana sukuwa zuwa ƙofar fada, mata na guɗa, ubansa na ɗaga hannu. Rawani ne kawai a kansa. Da ya faɗo ba za mu ce uban ba ya son sa ba. Gado ne, kuma abin alfahari ne. Su ma nasu dokin ke nan.

Hajiya_Rabi_Nas: Abba, ai ni ce nake karɓarsu idan sun faɗo. Kowace sallah sai an kawo mana na doki, kowane biki sai an kawo na wasan mota da na babur. Abin da ya fi ƙona min rai ma ba faɗuwar ba ce, ɗaukar ce. Mutum ya faɗi wuyansa ya bugu, sai jama'a su taru don tausayi, wannan ya ja hannu wannan ya ja ƙafa, kai na reto, a cusa shi a bayan a-kori-kura, wani ma har ya ɗura masa ruwa. Wanda da zai warke sai a kawo shi ƙafafu sun mutu. Ɗana ya nuna min yadda suke ciro direba a can, da kujerarsa gaba ɗaya, wuya a ɗaure. Don Allah ko wannan kaɗai mu koya: a tallafe kai da wuya su zama a miƙe, a samo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako a kwantar da shi, kada a ba shi komai ya sha.

Sadiya_Kazaure: Anti Rabi Allah ya saka da alheri, na kwafe wannan zan tura zauren gidanmu.

Dan_Gujungu: Allah ya jiƙansa dai.

Abu_Huzaifa: Dan_Gujungu a kula, ba Musulmi ba ne, ba a yi masa wannan addu'ar. Kuma ni ina mamakin yadda muke makokin Bature alhali namu na mutuwa kullum a hanyar Haɗeja ba wanda ya buɗe zaure a kansu.

Malam_Habu_Taura: Abu Huzaifa, maganar lafazin addu'a ka faɗi abin da malamai suka faɗa, sai dai a riƙa gyara da taushi. Amma jin zafin mutuwar ɗan Adam ba laifi ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Sannan ka karanta sama, ai rabin maganar a kan namu ake yi.

Baba_Sule_Birninkudu: Ku yara kun ga zamanin sauƙi. Ina aiki a Kano a 1994 lokacin da Ayrton Senna ya mutu, a rediyo na fara ji. Ranar 1 ga Mayu, a Imola ta Italiya, kwanar Tamburello. Zakaran duniya sau uku, shekararsa 34. Kwana ɗaya kafin nan Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya ya mutu a wannan filin wajen gwajin neman layi, ranar Juma'a kuma Barrichello ya sha da ƙyar. Abin da har yau yake taɓa ni, da aka duba motar Senna sai aka tarar da tutar Ostiriya a naɗe, ya yi niyyar ɗaga ta don Ratzenberger idan ya gama. Birazil ta yi makokin kwana uku. Bayan nan ne aka tashi tsaye: aka karya gudun Tamburello, aka ɗaga gefen mazaunin direba, aka ɗaure tayoyi da igiya don kada su ɓalle su tashi, a 2003 aka tilasta abin nan da ke riƙe wuya da hular kwano. Shekara 20 ba a sake rasa direba a tseren Formula 1 ba.

Amma Nazifi, ga abin da nake so ka riƙe. Gyaran nan ba masu filin ne suka fara shi don Allah ba. A 1966, a wannan Spa ɗin, cikin ruwa, Jackie Stewart ya faɗa gefen hanya ya maƙale a mota fetur na jiƙa shi kusan minti 25. Ba ma'aikacin ceto ko ɗaya. Direbobi biyu 'yan uwansa ne suka ari sifana a wurin ɗan kallo suka kwance sitiyari suka zaro shi. Daga ranar ya riƙa manna sifana a cikin motarsa, ya kuma buɗe baki, ana ce masa matsoraci. A 1969 direbobi suka ƙi zuwa Spa, aka soke tseren. A lokacin tsawon filin kilomita 14 ne, ta cikin ƙauyuka da gidaje da turakun waya. Yanzu 7 ne.

Nazifi_Ringim: Baba, Allah ya ƙara girma. To ai nan gizo ke saƙar. Stewart babba ne, yana da bakin magana. Niki Lauda ma a 1976, bayan ya ƙone a Jamus, ya ajiye motarsa a Jafan saboda ruwa, ya rasa kambun da maki ɗaya tal, ba wanda ya isa ya kore shi. Amma yaro ɗan 18 da iyayensa suka zuba dukiya, masu ɗaukar direbobi na kallonsa, zai iya cewa "ni ba zan fita ba"? Idan aka ɗaga tuta dole ya taka. Kenan alhakin yana kan babban da ke zaune a ɗaki mai sanyi yana yanke hukuncin a ci gaba ko a tsaya. Jiya an sa motar da ke shiga gabansu ta rage musu gudu, sannan aka janye ta aka sake su dab da ƙarshe. Da an ƙarasa a bayanta, wa zai yi asara?

Iliya_MaiGidanKallo: Kai Nazifi, ka manta 2021? A wannan Spa ɗin aka ƙi sakinsu saboda ruwa, aka yi 'yan zagaye a bayan motar nan aka raba rabin maki aka tashi. Awa uku janaretona na ci, kai ne na farko da ya ce in dawo maka da kuɗinka, kana cewa direbobin yanzu 'yan madara ne.

Nazifi_Ringim: Ban musa ba. Na faɗa, kuma tun jiya maganar take dawo min.

Sale_Direba: To kun gani. Haka fasinja suke. Ka tsaya a Gezawa ka ce sai ruwa ya tsagaita, su ce direban nan ba ya da zuciya, ga wane can ya wuce. In ka wuce aka yi haɗari su ce ganganci ne.

Injiniya_Musbahu: A ƙara da Jules Bianchi, tunda Baba ya ce shekara 20. Shi ne ya katse ta. Ranar 5 ga Oktoba 2014 a Suzuka, ruwa ga duhu na shigowa, an shigo da katafila tana ɗauke motar Adrian Sutil, ana kaɗa tutar gargaɗi, motar Bianchi ta zame ta shige ƙarƙashinta. Wata 9 bai farfaɗo ba, ya rasu a Yuli 2015 yana da shekara 25, aka jingine lambarsa 17 ba mai sake ɗauka. Daga nan aka kawo dokar da ke tilasta wa kowa rage gudu lokaci ɗaya ta na'ura. Duk da haka bara a wannan Suzukan, cikin ruwa, aka sake shigo da katafila titi Pierre Gasly na tafe. Gasly kuwa abokin Hubert ne tun suna yara. Kun ga yadda ya fusata ai.

Sadiya_Kazaure: Ni Charles Leclerc nake tausayi. Bianchi ubangidansa ne tun yana ƙarami, mahaifinsa ya rasu a 2017, Hubert abokinsa ya mutu ranar Asabar, shi kuma washegari Lahadi ya ci tserensa na farko a Formula 1 a wannan filin. Ko murna bai iya yi ba. Ta yaya mutum ke komawa cikin motar bayan haka?

Abba_Kilisa: Yadda mahayi ke komawa kan doki, ƙanwata. Ni ƙashin kafaɗata ya taɓa karyewa, sallar da ta biyo na hau. Grosjean ma da motarsa ta rabe biyu ta kama da wuta a Baharain a 2020, ya yi kusan daƙiƙa 28 a ciki, hannayensa suka ƙone, bai daina ba, Amurka ya koma yana tsere. Kuma da yana cikin masu kushe halo, a gadon asibiti ya ce ba don shi ba da ba ya raye.

Hajiya_Rabi_Nas: Abba, ka hau dokinka, ban hana ka ba, kai baligi ne. Ɗan shekara 12 ɗin nake magana. Ko hular kwano ce a sa masa a ƙarƙashin rawanin, wa zai gani?

Abba_Kilisa: Hajiya rawani ba zai zauna ba. Amma zan gwada wa ƙanena in gani.

Dan_Gujungu: To wai a ƙarshe laifin wa? Filin, ko ruwan, ko mai ba da umarni?

Baba_Sule_Birninkudu: A jira binciken hukuma. Na Hubert sai da aka yi wata biyar kafin ya fito, kuma bai ɗora wa mutum ɗaya laifi ba.

Nazifi_Ringim: Ni dai har yanzu ina kan bakana, bai kamata a sake su ba. Yaya Iliya, ranar 30 ga wata Formula 1 za ta je Spa, za ka nuna?

Iliya_MaiGidanKallo: Fetur ya yi tsada, ku 7 ne kacal masu kallon mota a garin nan, ɗaya ma bashi yake ci. Ku haɗa kuɗin lita huɗu tukuna. Kuma in aka yi ruwa aka tsayar, ba na mayar wa kowa ko sisi, na faɗa tun yanzu a gaban Malam.

Malam_Habu_Taura: Na shaida.